Jar Giyar Inabi, Tsufanta a Kwalba, da Wadda Aka Ce an Cire wa Maye

A birnin Accra, a manyan kantunan Osu da rumfunan 'yan sari na Makola da Okaishie, akan jera kwalabe masu duhun gilashi da dogon wuya, an naɗe bakinsu da takarda mai ruwan zinariya, wanda bai saba ba sai ya ɗauka abu ɗaya ne a cikinsu duka. Irin waɗannan kwalabe ne ke shiga kwandunan kyautar da kamfanoni ke raba wa ma'aikata a watan Disamba, su ne kuma ake jerawa a teburin ango da amarya a bukukuwan Nima da Mamobi da Madina. Mai shago yakan ce, "Hajiya, wannan babu giya a ciki," Hajiya ta biya ta tafi, sai an isa gida wani ɗan makaranta ya karanta ƙananan rubutun bayan kwalbar ya tayar da magana.

Abubuwa biyu sun ƙara wa lamarin ruɗani a shekarar 2023. A nan gida Ghana majalisar dokoki ta sauya harajin kayan sha, ta ninka na giyar inabi, ta kuma ɗora sabo a kan ruwan 'ya'yan itatuwa na kwalba da na kwali. A Tarayyar Turai kuma, inda kaso mai yawa na waɗannan kwalabe ke fitowa, wata sabuwar ƙa'idar rubutun jikin kwalba ta fara aiki ranar 8 ga Disamba na wannan shekara. Kafin a gane abin da waɗannan sauye-sauye ke nufi ga mai saye da mai sayarwa, sai an san yadda ake yin giyar inabi, abin da masu sana'arta ke kira inganci, da dalilin da ya sa wata kwalba ke ƙara daraja bayan shekara 20 alhali wata ko shekara biyu ba ta kaiwa.

## Abu uku a kwalba iri ɗaya

Kama da wane ba wane ba ne. Na farko shi ne tsurar ruwan inabi da aka matse, aka dafa shi sama-sama don kashe ƙwayoyin da ke sa tsami, wani lokaci a cusa masa iskar da ke sa kumfa. Wannan bai taɓa zama giya ba. Na biyu ita ce giyar inabi ta ainihi, wato ruwan inabin da aka bar yis ya cinye sukarinsa ya mayar da shi alkohol, sinadarin da ke sa maye; a jar giya yawansa yakan kama daga kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari. Na uku shi ne ya fi rikitar da mutane: giya ce cikakkiya da aka gama haɗawa, sannan aka bi ta da inji aka zare mata alkohol.

Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ce ta amince a kira wannan na ukun da sunan giyar inabi, da sharaɗin a rubuta "de-alcoholised" idan abin da ya rage bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Idan ya haura haka amma bai kai ƙarfin giya ta sosai ba, sai a rubuta cewa wani ɓangare kawai aka cire. A Amurka ma kalmar "non-alcoholic" tana nufin ƙasa da kashi 0.5 ne, ba sifili ba. Saboda haka kalmar da mai shago ke nuna wa mai saye da yatsa ba ta bambance na farko da na uku, domin ana iya samun ta a jikin kowannensu.

## Inda launi da ɗanɗano ke fitowa

Ruwan cikin yawancin baƙin inabi fari ne. Jan launin yana cikin ɓawo, shi ya sa mai yin jar giya ba ya tace ruwan da zarar ya matse: yakan bar ɓawo da ƙwaya su jiƙu a ciki kwanaki ko makonni yayin da yis ke aikinsa. A dunƙule, kowane giram 17 na sukari a lita ɗaya yana ba da kashi 1 cikin ɗari na alkohol, nunannen inabi kuwa yakan ɗauki giram 200 zuwa 250 a lita. Daga nan ne adadin da ake gani a jikin kwalba ya samo asali, kuma shi ya sa giyar ƙasashe masu zafin rana, inda inabi ke tara zaƙi, ta fi ta ƙasashen sanyi ƙarfi. Masanin kimiyyar nan na Faransa, Louis Pasteur, shi ya tabbatar a wajejen 1860 cewa halittu masu rai ne ke wannan aiki, da kuma cewa wasu ƙwayoyin daban ne ke lalata giya su mayar da ita khal, wato ruwan tsamin da ake kira binega.

Tare da launi, jiƙon ɓawo yana fitar da sinadarin tanin, kuma a kansa ne rabin maganar inganci ta rataya. Duk wanda ya tauna ɗanyen goro ya san yadda bauri ke kama harshe da dasashi, baki ya bushe kamar an goge shi da tsumma. Wannan aikin tanin ne, dangin sinadarin da majema ke samu a bagaruwa su jeme fata da shi. Ba ɗanɗano ba ne kamar zaƙi ko ɗaci. Tanin yana manne wa furotin ɗin da ke sa yawu santsi ne, sai santsin ya ɗauke. Inabi mai kaurin ɓawo irin Cabernet Sauvignon, ko mai yawan tanin irin Nebbiolo na arewacin Italiya, yana ba da giya mai bauri sosai tana sabuwa. Pinot Noir na yankin Burgundy a Faransa ɓawonsa siriri ne, don haka launinsa bai cika duhu ba kuma baurinsa da sauƙi.

Abu na biyu bayan tanin shi ne tsami, wanda inabi ke zuwa da shi daga gona. Giyar da ba ta da isasshen tsami masu ɗanɗanawa kan ce ta yi lami, wadda ta yi yawa kuma ta yi kaifi. Kusan duk jar giya akan bar ta ta sake wani sauyi bayan na yis, inda wasu ƙwayoyin ke juya tsami mai kaifi irin na ɗanyen tuffa ya koma mai laushi irin na nono. Na uku shi ne alkohol kansa, wanda ban da maye yake ba ruwan nauyi a baki da ɗan ɗumi a maƙogwaro, kuma shi ke ɗauko ƙamshi ya kai hanci. Na huɗu ganga ce. A yankin Bordeaux na Faransa ana zuba giya mai tsada a gangar itacen ok mai cin lita 225, daidai kwalba 300 ke nan masu mililita 750, ta yi wata 12 zuwa 24 a ciki. Katakon yana ba ta ƙamshi mai kama da na banila da hayaƙi, yana ƙara mata tanin, yana kuma barin iska ta riƙa shiga kaɗan-kaɗan ta ƙofofin da ido ba ya gani.

Idan masu sana'ar suka ce giya tana da inganci, galibi suna nufin waɗannan huɗun sun daidaita babu wanda ya danne wani, ƙamshin ba iri ɗaya tak ba ne, kuma ɗanɗanon yana daɗewa a baki bayan an haɗiye.

## Dalilin da wata ke gyaruwa da shekaru

Ra'ayin cewa kowace giya tana ƙara kyau da tsufa kuskure ne da ya yaɗu. Mafi yawan giyar inabin da ake yi a duniya an tsara ta ne a sha ta cikin 'yan shekaru kaɗan, bayan haka ƙamshin 'ya'yan itacen yakan dushe ba tare da wani abu ya maye gurbinsa ba. 'Yar kaɗan ce ke da abin da ake kira ƙarfin ajiya, kuma ana gane ta tun tana sabuwa da yawan tanin, isasshen tsami da kaurin ɗanɗano. Irin wannan, a shekarunta na farko, sau da yawa ba ta da daɗin sha ko ga masu sonta, saboda baurin ya yi yawa.

Abin da ke faruwa a cikin kwalba a hankali yake tafiya. Ƙwayoyin tanin suna haɗuwa da junansu da kuma sinadarin launi, wasu su yi nauyi su kwanta a gindin kwalba su zama guggubi, baurin ya ragu. Launin da ya fara da ja mai duhu kamar zai koma shuɗi yakan koɗe ya nufi launin jan bulo, musamman a gefen kofi idan an karkata shi. Ƙamshin sabon 'ya'yan itace ya ja baya, wani ya taso wanda masu ɗanɗanawa ke kwatantawa da jemammiyar fata, ganyen taba da ƙasar da ta sha ruwan sama. Duk wannan yana bukatar iskar oksijin kaɗan ƙwarai, gwargwadon wadda ke cikin wuyan kwalba da wadda toshiyar ke bari ta wuce. Tanin da tsami da alkohol, da ɗan sinadarin salfa da ake zubawa, su ne ke kare ruwan kada wannan iska da ƙwayoyin cuta su cinye shi kafin sauyin ya kammala. Kowace kwalba tana da ganiyarta, daga nan sai gangara, har ta koma ruwa mai tsami maras ƙamshi.

Wasu yankuna sun mayar da jiran nan doka. Ba a sayar da giya da sunan Barolo a Italiya sai ta yi wata 38, 18 daga ciki a cikin katako. A Rioja ta Sifaniya, jar giya mai lakabin Gran Reserva sai ta yi wata 60, aƙalla 24 a ganga. Shekarar da ake bugawa da manyan lambobi a gaban kwalba kuwa shekarar da aka tsinke inabin ce, ba ranar lalacewa ba ce kuma ba ranar ɗurawa ba. Ana kula da ita ne saboda damina da rana suna bambanta daga shekara zuwa shekara, gona ɗaya tana iya ba da inabi mai kyau bana, baɗi ruwan sama ya faɗo ana dab da girbi ya ɓata shi.

## Wa ke yanke hukuncin inganci

A nan masana kansu ba su daidaita ba. Ɓangare ɗaya na ganin inganci a ƙasa yake, wato irin turɓayar gona, gangarenta da yanayinta, kuma tarihi ya riga ya tantance gonakin da suka fi. Hujjarsu mafi shahara ita ce jerin da dillalan Bordeaux suka tsara a 1855 bisa umarnin Sarki Napoleon na Uku don baje kolin Paris, inda aka kasa gidajen giya aji biyar gwargwadon farashin da suke samu a kasuwa. Gida huɗu ne suka shiga aji na ɗaya a jar giya, Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion, sai a 1973 aka ƙara Mouton Rothschild. Cewa waɗannan gidaje har yau suna cikin masu tsada, a wurin wannan ɓangare, shaida ce cewa jerin bai yi ƙarya ba.

Ɗaya ɓangaren na cewa suna da farashi suna rinjayar harshe fiye da yadda ake zato. A 1976 wani ɗan kasuwa Bature ɗan Ingila, Steven Spurrier, ya shirya gasa a Paris inda alƙalai Faransawa suka ɗanɗana giya ba tare da ganin kwalba ba, sai ga jar giyar Kalifoniya ta gidan Stag's Leap, ta shekarar 1973, ta zo ta ɗaya a gaban manyan gidajen Bordeaux. A 2001 wani mai bincike a Jami'ar Bordeaux, Frédéric Brochet, ya rina farar giya da jan launi maras ƙamshi ya ba ɗalibai 54 masu karatun wannan fanni, suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta jar giya.

Adalci shi ne kowane ɓangare yana riƙe da wani abu. Yawan tanin da tsami abubuwa ne da ake aunawa a ɗakin gwaji, kuma bambancin giyar da za ta kai shekara 30 da wadda ba za ta kai uku ba na gaske ne. Amma farashin da ke can ƙololuwa ya fi alaƙa da ƙaranci da suna. A 2018 an yi gwanjon kwalba ɗaya ta Romanée-Conti, wata giyar Burgundy, ta 1945 a New York a kan dala 558,000, kuma kwalba kusan 600 kacal aka yi ta inabin 1945 ɗin. Inda kuɗi irin wannan ke yawo ba a rasa 'yan damfara: a 2014 wata kotun Amurka ta ɗaure Rudy Kurniawan shekara 10 saboda ɗura giya mai araha a tsofaffin kwalabe yana manna musu takardun jabu, kuma manyan masu tara giya sun daɗe suna saye ba su gane ba.

## Zafin Accra

Inabin giya yana son ƙasar da ke da lokacin sanyi da kurangar za ta huta, shi ya sa gonakinsa suka fi yawa tsakanin digiri 30 da 50 arewa da kudu da tsakiyar duniya. Accra tana wajen digiri 5 ne, don haka kusan duk abin da ake gani a kanti ta teku ya zo, ya sauka a Tema, daga Turai ko Afirka ta Kudu ko Kudancin Amurka. Ajiyar da ke sa giya ta tsufa da kyau tana bukatar sanyi kusan digiri 13 a ma'aunin Salshiyos wanda ba ya hawa da sauka, da duhu, da kwantar da kwalba a gefenta don toshiyar ɓawon itace ta zauna a jiƙe. Rana a Accra kan kai digiri 30 ko fiye, cikin kwantenar ƙarfe da ke jiran takardu a tashar jirgin ruwa kuwa ya fi haka nesa. Masana kimiyya suna da ƙiyasin cewa ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin irin waɗannan sauye-sauye, kuma zafi ba ya hanzarta su daidai wa daida, yakan dafa ƙamshin ne kawai.

Alamar kwalbar da ta sha zafi a bayyane take: toshiya ta ɗan turo kai sama da bakin kwalba, wani danƙo ya biyo wuya ya ɓata takarda, ruwan kuma ya sauka ƙasa da inda ya kamata. Saboda haka tsohuwar shekara a jikin kwalbar da ta daɗe tsaye a kan kanta a shagon da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki ba abin ƙarin kuɗi ba ce, duk abin da mai sayarwa zai faɗa.

## Abin da ke rage bayan an zare alkohol

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1908 wani mai sana'ar inabi a yankin kogin Rhine na Jamus, Carl Jung, ya yi rajistar hanyar ɗumama giya a tukunyar da aka zuƙe wa iska. Alkohol yakan tafasa a digiri 78, amma idan babu matsin iska sai ya tashi a wajen digiri 30, ruwan bai kai ga dahuwa ba. Yau akwai ƙarin hanyoyi biyu, ɗaya ta tace ruwan da matsi ta wata siririyar fata mai ƙofofi, ɗaya kuma injin da aka ƙirƙiro a Ostireliya mai juya ruwan a kan faifai, ya fara kama ƙamshin ya ajiye gefe, ya cire alkohol, sannan a mayar da ƙamshin.

Ko da wace hanya aka bi, daidaiton da aka ambata a sama yakan rushe. Nauyin baki ya tafi, tsami da bauri su fito tsirara, shi ya sa masu yi kan ƙara ruwan inabi mai zaƙi ko gilisarin don cike gurbin. Babban abin kuma shi ne mai gadin, wato alkohol, ya tafi. Ruwa mai sukari da ba shi da alkohol abinci ne ga yis da sauran ƙwayoyi, don haka dokar Turai ta wajabta rubuta ranar ƙarewar inganci a kan duk giyar da aka zare wa alkohol har ya gaza kashi 10 cikin ɗari, alhali giya ta sosai ba a neman wannan a jikinta. Irin wannan kwalba ba ta da ƙarfin ajiya ko kaɗan, haka ma ruwan inabi tsura. Idan an buɗe su sai firji, kuma cikin 'yan kwanaki a shanye.

## Inda malamai suka haɗu da inda suka rabu

A kan kwalba ta biyu, wato giya ta sosai, babu saɓani. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta giya, hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito kuma ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Haramcin bai tsaya ga mai sha ba, domin wani hadisin ya haɗa da mai matsawa, mai ɗauka, mai zubawa, mai sayarwa da mai cin kuɗinta. Wanda ya tarar da ita a kwandon kyautar ofis yana da nassi kusa da halinsa: a Muwaɗɗa ta Imam Malik da Sahihu Muslim an ruwaito mutumin da ya kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, salkar giya kyauta, da ya ji an haramta ta sai ya yi niyyar sayarwa, aka ce masa wanda ya haramta shanta ya haramta sayar da ita, ya buɗe salkar ta tsiyaye.

A kan kwalba ta farko, ta tsurar ruwan inabi, ma babu saɓani matuƙar ruwan bai juya ba. An ruwaito a Sahihu Muslim cewa akan jiƙa wa Annabi zabibi ya sha a ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Wannan ma'auni ya shafi sobolo da lamurje da ake yi a gida kamar yadda ya shafi ruwan inabi, kuma ruwa ba ya tsami banza: idan robar ta kumbura ko murfin ya yi tsartuwa da aka buɗe, yis ya fara aiki.

Kwalba ta uku, wadda aka zare wa alkohol, ce ake jayayya a kanta. Masu hanawa suna cewa an fara yin giya ne da gangan, wanda shi kansa haramun ne, kuma jumhurun malaman mazhabobi huɗu suna ɗaukar giya najasa, zare wani sashe nata bai sauya asalin abin da ya rage ba. Suna kafa hujja da hadisin Anas a Sahihu Muslim inda aka tambayi Annabi ko a mayar da giya khal ya ce a'a, suna ƙarawa da ƙa'idar toshe ƙofar ɓarna, wadda Malikawa suka shahara da ita, ganin cewa kwalbar da kofin da yadda ake ɗaga shi duk kwaikwayon majalisar mashaya ne. Majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta tsaya a nan a 2011: abin shan da ba don giya aka yi shi ba, kuma alkohol ɗinsa bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, ya halatta, amma wanda aka bi hanyar yin giya aka samar da shi haramun ne ko da an tace alkohol ɗin.

Masu sassautawa suna cewa dalilin haramci maye ne, abin da kuwa ba ya bugarwa ko an sha tulu guda ya fita daga hukuncin, kamar yadda ba a haramta burodi ko nunanniyar ayaba don ɗan burbushin alkohol da ke cikinsu ba. Suna jingina da ra'ayin Hanafawa da ya halatta juya giya ta zama khal da hannu, da kuma ittifaƙin malamai cewa giyar da ta koma khal da kanta ta tsarkaka. A kan wannan ne wasu hukumomin shaidar halal a Turai ke sa hatiminsu a kwalaben da gwaji ya nuna sifili. Masu hanawa suna amsawa da cewa a khal sinadarin ya rikiɗe ne ya zama wani abu daban, a nan kuwa ɗauke shi kawai aka yi. Abin lura shi ne hatimin halal a jikin kwalba yana nuna ra'ayin hukumar da ta buga shi ne, kuma hukumomin ba ma'auni ɗaya suke bi ba. Majalisar malaman Indunusiya, alal misali, ta sa iyakarta a kashi 0.5 a fatawarta ta 2018.

## Maganar lafiya

Tun farkon shekarun 1990 aka yaɗa cewa jar giya na kare zuciya, bisa lura da cewa Faransawa na cin maiƙo amma ciwon zuciya bai yi musu yawa ba. Binciken baya-bayan nan ya raunana wannan magana, kuma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin alkohol da za a ce ba shi da haɗari, tana nuni da alaƙarsa da ciwon daji. Ruwan inabi tsura kuma yana da tasa matsalar: sukarinsa yakan kai giram 15 a kowane mililita 100, ya zarce na yawancin lemon kwalba. Mai ciwon sukari da aka cika wa kofi a wurin biki don an ce "ba giya ba ce" yana bukatar sanin wannan.

## Haraji, takarda da aljihun mai saye

Gyaran dokar haraji na 2023 ya ɗaga na giyar inabi daga kashi 22.5 zuwa 45 cikin ɗari, ya kuma sa kashi 20 a kan ruwan 'ya'yan itatuwa da kayan sha masu zaƙi. Gwamnati ta kafa hujja da neman kuɗin shiga da rage cututtukan da sukari da giya ke jawowa, masu masana'antu da 'yan kasuwa kuma suka yi ƙorafin cewa nauyin zai sauka a kan mai saye ya kuma ƙarfafa fasa-ƙwauri. Ga iyalin da ke shirin biki a Zango, ma'anarsa ita ce katan ɗin ruwan inabin da ake saye don teburin manyan baƙi shi ma harajin ya taɓa shi, ga kuma hawa da saukar sidi a kan dala da ke bin duk kayan da aka shigo da su.

Abin da mai saye zai iya tantancewa da idonsa yana bayan kwalba ne. Dokokin Ghana sun tanadi a yi rubutun kayan abinci da Turanci, a nuna ƙasar da aka yi su da abubuwan da ke ciki, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ce ke yi musu rajista kafin su shiga kasuwa, hukumar haraji ta GRA kuma ta manna kan sarkinta a bakin kwalba. Adadi kamar 13% tare da "vol" yana nufin giya ce ta sosai. Idan jerin kayan haɗi ya fara da "grape juice" kuma babu ambaton an cire alkohol, ruwan inabi ne da bai taɓa zama giya ba. Idan ya fara da "de-alcoholised wine", na ukun ne, ko da an buga 0.0% da manyan lambobi a gaba. Sabuwar ƙa'idar Turai ta wajabta bayyana kayan haɗi da ƙimar abinci a giyar da aka yi bayan 8 ga Disamban 2023, amma ta yarda a ɓoye yawancin bayanin a bayan ɗan murabba'in nan da ake haskawa da waya, don haka wani lokaci sai an haska kafin a gani.

Ɗan kasuwa Musulmi da ke sarin waɗannan kaya a Okaishie ya kai Nima ko Ashaiman yana ɗauke da nauyi biyu. Abokan cinikinsa sun dogara da kalmarsa wajen sanin wace iri ce a cikin ukun, kuma kayan da ya fi sayarwa su ne waɗanda ba sa jure ajiya. Katan ɗin da bai ƙare a kakar bukukuwan Disamba ko ta bayan Sallah ba, kwanan watan da ke jikinsa yana tafiya, zafin sito kuma yana rage masa kwanaki fiye da abin da aka rubuta, saboda haka sarin da ya wuce abin da za a sayar cikin 'yan watanni asara ce ke jiran mai shi.